Ciyawar da Ta Shiga Tsakanin Surukai

Duk Illela babu wadda ciyawa ta gajiyar kamar Surayya, alhali ko akuya ba ta kiwo. Ciyawar ma ba ta taɓa sa ta a ido ba. Wata ciyawar ruwa ce mai 'yan jakunkuna kamar ƙwayar gero, da su take zuƙe ƙananan ƙwarin ruwa ta cinye.

Mijinta Sharafuddeen, malamin kimiyya a sakandare, shi ya fara rubuta bayanin ciyawar a kundin ilimin nan na Hausa da ke intanet, wanda kowa ke iya sa hannu ya gyara. Mahaifinta Alhaji Maliki, tsohon malamin gona da zaman ritaya ya ishe shi, ya ji labari ya ce da shi za a yi. Da farko abin gwanin sha'awa. Yaro ya kawo abin da littattafai suka ce, tsoho ya bi baya yana gyara Hausar. Surayya har alfahari ta yi da su a gidan suna.

Sai Alhaji ya ƙara layi ɗaya, cewa ana samun ciyawar a wani tafki bayan Amarawa. A wurin hujja ya rubuta ta yadda ake kafa ta a gidansu na malamai tun kaka da kakanni: ya gani da idonsa, kuma ya ji daga Malam Sahabi masunci, shi kuma daga mahaifinsa. To, dokar kundin ba ta san na gani ko na ji ba, sai abin da aka buga a littafi. Sharafuddeen kuwa mutum ne da ko layin mai ba ya tsallakewa. Ya goge layin, ya rubuta cewa ana buƙatar hujja. Alhaji ya mayar. Ya sake gogewa. Haka aka yi ta yi har rani ya wuce.

Abin haushin, ba mai iya yi wa wani maganar, saboda surukuta. Ran Juma'a Sharafuddeen zai tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa kai a ƙasa, a yi gajiya a yi iyali, ya tashi. Kafin ya kai gida ya goge layin. Duk abin da ke cikin kowa kuma, a kan Surayya ake sauke shi.

"Ki tambayi mai gidanki," in ji Alhaji, "mi ya sa shika neman hujja wurina? Gani ya kori ji. Ko maƙaryaci ni ke?"

"Baba, ba haka shika nufi ba."

"To mi shika nufi?"

A gida kuma Sharafuddeen ya ce, "Wallahi na yarda da Baba ɗari bisa ɗari. Amma in na bari, wani za ya goge, kuma shi ba da ladabi ba. Ki lallashe shi."

Ta lallasa har bakinta ya gaji. Ranar da kwanon tuwon da take aika wa mahaifinta ya dawo a rufe, ko miyar ba a taɓa ba, ta zauna a tsakar gida ta yi kuka, kukan takaici. Washegari ma ya dawo. Juma'ar da ta biyo aka ce wa Sharafuddeen Alhaji na barci, alhali ana jin tarinsa daga zaure. Nan Surayya ta gane cewa in ba ta tashi tsaye ba, layi ɗaya zai raba mata uba da miji.

Da damina ta zauna, Surayya ta matsa wa mijin har ya ce in an samu hoto, a ƙalla za a iya sa shi a shafin. Ta ɗauki hayar mota ta ce wa Alhaji su je ya nuna mata. Ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. A hanya bakinsa bai rufu ba: furen rawaya ne, yana tsaye bisa ruwa, in ka ɗago ciyawar jakunkunan na ƙyalli. Rabon da ta ga fara'arsa haka har ta manta.

Suka sauka bayan gari, ya shige gaba da sandarsa. Ya tsaya. Ya ƙara gaba kaɗan, ya dawo. Babu tafki. An cike wurin da ƙasa, gefe masu buga bulo, gefe gero ya kai ƙugu. Ya tambayi masu bulon, suka ce su haka suka tarar da shi. Ya tambayi gidan Malam Sahabi, aka ce ai ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan sun koma Ƙonni.

Alhaji ya nuna wani tarin yashi da sanda. "Nan ruwa yakan kai mani ƙirji," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya daɗe tsaye. Surayya ta ji tausayinsa ya cika ta.

Can ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙa mata.

"Goge layin nan, ɗiyata. Idona ba ya gani cikin rana."

"Baba, a bari mu tambaya gaba, ƙila wani…"

"Wa za ki tambaya? Ni kaɗai na rage da na gan ta, kuma an ce ni ban isa ba. Goge. Ki ce wa mai gidanki shi taho Juma'a."

Abin da ta yi watanni tana roƙon Allah ke nan. Ta buɗe shafin, ta sami layin, da sunan Amarawa da na Malam Sahabi. Ta kai yatsa, hannunta ya ƙi. Alhaji ya riga ya juya ya nufi mota, a hankali, yana tattare gefen rigarsa kada ta taɓa laka.

Ta goge, ta bi bayansa.