Jan Layin Baba Rajista

A ofishin haraji kowa na da abin faɗa a kan Baba Rajista. Masinja ya ce shekara talatin bai taɓa ganin ya goge kuskure ba. Direba ya ce ba wai ba ya yin kuskuren ba ne, ba a dai taɓa jin ya amsa ba.

Da aka kawo kwamfuta, sabuwar akawu aka ɗora wa kwafe littafin kasuwa. Ta zo teburinsa da littafin a buɗe.

"Baba, wannan jan layin da ke kan wasu sunaye fa?"

"Tambayi na'urarki, 'yata. An ce ta fi mu sani."

Sai ta ɗauka duk mai jan layi ya bar rumfarsa ne. Ta cire su kaf.

Ranar Litinin firinta ta yi aman takarda: rumfuna ɗari biyu da sha ɗaya babu masu su. Oga ya dinga zagaye ofis yana kaɗa takardar, hula a karkace. Ya sa a sayo lemo, ya sa a manna sanarwar haya a ƙofar kasuwa. Masinja ya zaɓa wa ƙanwarsa rumfa. Direba ya ce shi biyu yake so, masu kallon titi.

Kafin lemon ya ƙare 'yan kasuwa sun cika baranda. Ta gaba-gaba matar Baba ce, almakashin yanka yadi na hannunta.

"Malam, ashe na tashi daga kasuwa ban sani ba? Yanzu na baro mai saye a tsaye."

Dariya ta ɓarke har waje. Oga bai yi ba. Ya juya ga akawu.

"Kwashe kayanki. Takardar sallama za ta same ki a gida."

Ta fara zuba tarkacenta a jaka, ko kallon teburin Baba ba ta yi ba. Baba ya buɗe littafin, ya rufe. Ya gyara biro a aljihu. Sannan ya miƙe.

"Oga, layin nawa ne. Wanda ya biya kuɗin shekara gaba ɗaya nake ja wa. Ta tambaye ni, na kore ta."

Masinja ya ajiye kwalbarsa a hankali, ya taɓa direba da gwiwar hannu.

"Ɗaga murya, Malam," in ji matar Baba. "Ni ma ban taɓa ji ba."

Baba ya taka har gaban kwamfutar.

"'Yata, ajiye jakar nan. Laifina ne. Ki yi haƙuri."