Zanen Ƙarshe na Sunan Kaka

Tun ina ƙarama na san akwai harafin da ba a taɓawa a gidanmu. Ubana, Malam Tan Weilun, ya ƙare ƙuruciyarsa yana fama da yara masu surutu, amma bai taɓa rubuta jing ba, harafin da ke nufin shiru, wanda kowane malami ke maƙalawa a bangon aji. Sunan uwarsa ne. A cewarsa ɗa ba ya kama sunan wadda ta haife shi, ko da baki ko da tawada. In rubutu ya kawo shi wurin sai ya kauce, ya ɗauko wani harafin da ya yi kusa da shi a ma'ana.

Abin dariyar shi ne Kaka ba ta san shiru ba. Mama, wadda ta sha faɗanta har ta ƙoshi, takan ce in Kaka ta kira kaji, na ƙetaren kogi ma tahowa suke yi.

Bana ruwa ya zaizaye gangaren maƙabarta, dutsen kabarin Kaka ya tsage. Dama babu sunanta a jikinsa, sai "ta gidan Lou", wato gidan iyayenta, yadda ake yi wa matan zamaninsu. Mama ta kafe lallai sabon dutsen ya ɗauki sunan, kuma a kafa shi kafin ranar sharar kaburbura ta shekara-shekara. Tsoho Meng mai sassaƙar dutse kuwa ba ya sara sai abin da babban ɗa ya rubuta da hannunsa. Da safe Meng ya zo, ya zauna yana kurɓar shayi yana jira.

Na niƙa tawada. Baba ya shimfiɗa takarda, hannunsa na ɗan rawa, ya rubuta wani harafin da ake kira an, ya ajiye buroshin rubutu kamar ya gama.

Mama ta leƙo. "Wace ce An? Sabuwar maƙwabciya muka yi?"

"Maman Lanfen, duk kusan ɗaya ne."

"Kusan? To in ka mutu sai mu rubuta sunan wanda ya kusa zama kai."

Tsoho Meng ya ƙware da shayi. Baba ya gyara tabarau, na san darasi ya taso, don kunyarsa kullum a bayan darasi take ɓuya. Ya ce harafin an kwanciyar hankalin wanda ke ƙarƙashin rufinsa ne, shi ya sa aka zana mace a cikin gida. Harafin ning shirun zuciya ne, bayan an daina fargaba. Harafin ji kuma shirun gidan da mutanensa suka watse, wannan ba zai sa wa uwarsa ba.

"Nata fa, Baba?" na tambaya.

Ya dubi tawadar. "Nata ruwa ne da ya gama rigima ya kwanta, har kana hango tsakuwar ƙasa."

"Ka ga ashe ba ɗaya ba ne, tsoho," Mama ta ce wa Baba, amma ta sassauta murya.

Ni haushi nake ji, ba zan ɓoye ba. Mace ta yi ta dashen shinkafa har bayanta ya ranƙwafa don ɗanta ya yi karatu, karatun kuma ya hana ta sunanta. Na buɗe baki zan faɗa, sai ya riga ni.

"Sau ɗaya na rubuta," ya ce. "Ina aji uku ta ce in nuna mata yadda sunanta yake. Malaminmu ya koya mana in ta kama dole, a bar zanen ƙarshe. Na bari. Ta ɗinke takardar a cikin matashinta, duk baƙuwar da ta zo sai ta ba ta labari." Ya cire tabarau ya goge. "Ba ta taɓa sanin bai cika ba."

Mama ta janye takardar farko, ta shimfiɗa sabuwa, ta danne gefenta da kofi.

Baba ya tsoma buroshi. Ya yi gefen hagu a hankali, ya koma dama, zane bayan zane, har ya rage dogon nan da ke saukowa ya lanƙwashe a ƙasa kamar ƙugiya. Nan hannun ya tsaya. Tawada ta taru a bakin buroshin tana neman ɗiga.

"Lanfen," ya ce, "ke ba ki sha nononta ba. Taki kunyar da sauƙi. Riƙe."

Na riƙe buroshin. Ya ɗora tafinsa a kan hannuna, wai kada in karkace.

"Meng, kai ne shaida. Yarinyar ce ta rubuta."

"Na gani, Malam," in ji Tsoho Meng, idonsa na cikin kofin shayi.

Zanen ya sauko a miƙe, ya lanƙwashe daidai inda ya kamata. Ni dai na san ban motsa ko yatsa ba, kuma hannun da ya ja ni bai yi rawa ba ko kaɗan.