Ankon Bakin Injin Jirgi

Duk wadda ta ce muku ni na so kashe wa Muntaka aiki, ku ce mata ta ji tsoron Allah. Ni dai kala na gani ta yi mini kyau.

Muntaka autana ne, injiniya. Da na zo wurinsu Manassas, can ƙasar Turawa, jiran haihuwar matarsa Kausar, na zaci zan tarar da shi da baƙin mai har gwiwar hannu, tunda an ce aikin injin jirgin sama yake yi. Ina! Yaro yana ƙule a ɗaki da gajeren wando, ya tasa kwamfuta a gaba, ko guduma babu a gidan.

"Kai, ina jirgin?" na ce.

"Inna, ba a ƙera shi ba tukuna. Kafin a yanka ƙarfe, mu muke rataya injin a ƙarƙashin fiffike a cikin kwamfuta, mu busa masa iska mu ga yadda za ta bi."

"Iskar ƙarya ke nan."

"Ta lissafi, Inna."

"Duk kanwar ja ce."

Ya nuna mini wani zagaye kamar faifai, wai bakin injin ne idan ka tsaya a gabansa. Ja ya kewaye, kore na bin sa, can gefe guda kuma wani shuɗi ya nannaɗe kamar katantanwa. Wai idan jirgi zai tashi iska ta buge shi ta gefe, sai ta shiga bakin a karkace, injin ya shaƙe ya kama tari. Shuɗin nan shi ne inda iskar ta yi gardama. Aikinsa ya yi ta gyara leɓen injin da inda aka rataye shi har shuɗin ya ɓace. Ya ƙara da cewa sirrin kamfani ne, in ya fita waje korarsa za a yi. Ni kuwa na ɗauka irin sirrinmu ne na gida, wanda ake gaya wa mutane ɗaya bayan ɗaya.

Ya tashi alwalar azahar ya bar ƙofa buɗe. Wayata tana hannuna. To, me kuke so in yi?

Na ɗauki hoton zagayen na tura wa Awawu, tela ce 'yar Kumasi da ke Laurel, tana da ƙani mai buga atamfa yadda mutum yake so. Ta kira ni tana ihu: "Ei, Hajia! Ina kika samo wannan fulawa?" Na ce daga mafarki. Muka gama magana, shi ne ankon suna. Na hana a nuna wa masu gida, na ce tsaraba ce ta kaka.

Kausar ta sauka lafiya, aka samu namiji. Ranar suna, bayan la'asar, mata suka soma shigowa zauren da aka kama. Muntaka yana bakin ƙofa yana gaishe-gaishe, sai na ga ya ƙame. Bakin injinsa ne ke shigowa, jere-jere, a kan ɗankwali, a kan kafaɗa, a kan mazaunan Hajiya Sailuba har guda biyu manya-manya, suna juyi tana tafiya.

Ya zo ya durƙusa kusa da ni. "Inna, don girman Allah, ina kuka samo wannan?"

"Bai yi kyau ba?"

"Inna, shugabata tana hanya. Na gayyace ta."

"To madalla, sai a zuba mata waina."

Ya roƙe ni in sa matan su lulluɓe da gyale. Na ce ya je ya gaya wa matan da suka biyo cunkoson mota tun daga Baltimore su rufe ankonsu, in yana da kai biyu. Ya ce ko a tare shugabar a waje a ba ta abinci a mota. Na ce ba a gidan da na haifa ba.

Bai gama jajen ba sai ga ta, Pauline sunanta, doguwa mai furfura da tabarau. Ta rungumi Kausar, ta yaba jariri, sannan ta juya ta dubi zaure. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Muntaka, ɗan halak, bai jira an tambaye shi ba, ya je gabanta ya zayyana komai, yana nuna ni da ido. Ni kuwa na gyara ɗaurina.

Pauline ta nufi Hajiya Sailuba, ta nemi izini, ta tsuguna a bayanta tana bin shuɗin da yatsa. Sailuba ta ce, "Ke Awawu, me Baturiyar nan take nema a bayana? In kuɗi ne babu." Zaure ya ɗauki shewa. Muntaka kam gumi har ya jiƙa masa hula.

Awawu ce ta fassara mini abin da matar ta ce da ta miƙe. Wai wannan tsohon leɓe ne, wanda suka yar tun bazara saboda ya fi kowanne sa injin tari, kuma mai bugawa ya yanke lambobin gefe, ya matse zagayen don ya shiga zane. Wai duk wanda ya saci wannan ya ƙera, kansa ya yi wa. Amma doka doka ce, dole ta kai maganar sama ranar Litinin, kuma ba ta san abin da za su yanke ba.

Aka ci aka sha, ban da Muntaka. Kwanakin nan ko gaisuwar kirki ban samu ba, sai "ina kwana" a tsaye, kamar mai bin bashi.

Da aka zauna a kansa, ba a kore shi ba. An dai ja masa kunne, aka ƙwace kwamfutar gida, aka ce daga yanzu iskarsa a ofis zai riƙa busawa, a ɗakin da ko waya ba a shiga da ita. Kullum da sassafe yake fita ya shiga layin motoci, ya dawo yana cika yana batsewa.

Na ce masa, "Kai da ka yi godiya. Da can maƙwabta cewa suke ba ka da aikin yi."

Ya dube ni, ya dubi Kausar da ke ƙunshe dariya, ya ce, "Allah ya ƙara wa Inna lafiya," ya wuce ɗaki ya murɗa makulli.