Tsutsar Akwatin Kifi

Iya Adawiyya ta dire wata kwalba a kan teburin manajan otal, har ruwan ciki ya fantsalo.

"Tasi'u, ɗago ka dube ni."

Duk shekarun da ta yi tana shara a nan, ba wanda ya taɓa ce mata ƙazama sai shi. Makon jiya aka ga 'yan tsutsotsi jajaye suna leƙowa daga duwatsun akwatin gilashin da ke zaure, mai ruwan gishiri da kifayen teku. Tasi'u ya tara ma'aikata, ya ce ita ta ƙara ruwa daga randar gidanta, ya sallame ta. Kafin ta isa unguwarsu Yalwawa magana ta riga ta: randar Adawiyya har tsutsa take yi. Maƙwabciyarta ma ta daina shan ruwa a gidanta. Allah ya sa ta tsamo kaɗan daga tsutsotsin a kwalba kafin ta bar otal ɗin.

"Ga jikata Mashkura, halittun ruwa take karanta a jami'a. Gaya masa!"

"Na duba su a madubin ƙara girma, ranka ya daɗe," in ji Mashkura. "Tsutsar teku ce, mai gashi a gefe. A ramukan duwatsun da aka kawo daga Legas ta zo. Ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri."

Iya ta tsiyaya ruwan gorarta a kofinsa, ta jefa guda. Tsutsar ta nannaɗe, ta miƙe, ta daina motsi.

"Ruwan randata ke nan."

Tasi'u ya sosa ƙeya. "To Iya, a yi haƙuri. Gobe ki dawo aiki."

"A zaure ka faɗa, a zaure za ka janye."

Haka ta tasa shi gaba, ya janye a gaban kowa, har da maigadi. Don ya huce kunya, sai ya ce a kawo magani a zuba wa tsutsotsin.

"Kada a kashe su," in ji Mashkura. "Ragowar abincin kifin suke cinyewa. Su ke tsabtace akwatin."

Iya ta sunkuya, ta daɗe tana kallon ɗaya tana jan ɓarɓashi zuwa raminta.

"Ashe 'yan shara ne," ta ce. Ta gyara mayafi, ta kama hannun jikarta. "Ka ji dai, Tasi'u. Waɗannan kam kar ka kuskura ka sallame su."