Tulun da Inna Ta Liƙe

Cikin shanun da Illo ya gada, Fure kaɗai ta rage. Ranar da 'yan bindiga sunka kore garken daga bayan Gatawa, ita tana ɗaure a gida saboda ciwon kofato, shi ya sa ta tsira. Kofaton ya warke, ta yi ƙiba da damina, amma duk rugagen da ke kewaye babu bajimi ko ɗaya. Wanda ɓarayi ba su kore nasa ba, ya kai shi kasuwa tun kafin su zo. Saniya kuwa in ba ta haihu ba, babu nono, babu garke.

Malam Muntaka, malamin dabbobi da ke zaune a Isa, shi ya zo da dabara. Ya iso da wani tulun ƙarfe ɗaure bayan babur. Da ya ɗaga murfin, sai farin hayaƙi ya gangaro ƙasa maimakon ya yi sama. Ya ce iska ce anka sanyaya har ta zama ruwa, naitirojin ake ce mata, daga Sakkwato ake cikowa. A cikinta akwai irin bajimi, an ɗura shi a wasu 'yan robobi sirara kamar tsinken tsintsiya. Muddin suna cikin sanyin, irin yana da rai. In ruwan ya ƙare, ya mutu.

"Ba ni iya yawo da shi kullum bisa hanyag ga," in ji shi. "Mutanen daji in sun gani amshewa za su yi. Aje shi inuwa. Ran da ta fara neman namiji, ka kira ni. Kak ka sa hannu ciki, ƙuna shika yi kamar wuta. Murfin kuma haka nan shike sako-sako, numfashi shika yi."

Illo ya ajiye tulun a rumfar kara, bayan ɗakin mahaifiyarsa Inna Saude. Ya gaya mata maganar hannu. Maganar murfi ce bai ga dalilin faɗi ba.

Bayan haka ya tafi ta'aziyya Sabon Birni, anka tare hanya, ya kwana can fiye da yadda ya yi niyya. Ranar da ya dawo da hantsi, tun daga bakin gona ya jiwo kukan Fure. Kuka ne mai tsawo, wanda duk ɗan makiyayi ya sani. Tana zagaya turke, tana ɗaga wutsiya, ko kallon harawa ba ta yi. Illo bai ko sha ruwa ba, ya haye tudun da ke gabas da gida, don nan kaɗai waya ke kama sabis ɗin Nijar. Malam Muntaka ya ce yana tafe kafin la'asar.

Ya sauko da murnarsa ya leƙa rumfa, sai ya tsaya cik. An binne tulun har wuya cikin jiƙaƙƙen yashi, yadda ake yi wa randa. An naɗe bakinsa da robar tayar babur, naɗi kan naɗi, an yaɓe da laka da kashin shanu kamar bakin rumbu.

"Inna, wa at taɓa wanga abu?"

"Ni ce." Ta fito tana goge hannu da gefen zane. "Tun da ka tahi nike ganin abin na tsiyayewa. Likitan naka da karatunai duka, ko rufe tulu bai iya ba. Ni da ko goran nono ban taɓa bari buɗe ba, sai in zura ido dukiyarka ta bi iska?"

Ta faɗi haka tana murmushi, tana jiran ya ce sannu da aiki.

Illo ya durƙusa. Robar ta kumbura kamar kumatun mai busa, lakar ta tsattsage, kuma wani siririn fito na fita ta wani wuri da bai gani ba. Ya tuna maganar numfashi. Ya kama hannun tsohuwa ya kai ta gindin tsamiya can wajen gida, ya sake hayewa tudu da gudu.

Da ya gaya wa Malam Muntaka ta waya, sai malamin ya ce, "Hita da kowa daga gidan. In ya toshe sarai, fashewa za shi yi, ƙarfen nan na iya raba mutum biyu. Kak ka je kusa."

"Irin fa, Malam?"

"Illo, iri ko ranka?"

Wayar ta yanke. Daga kan tudun yana jin Fure tana kira. Ya san wannan neman ba ya wuce yini, kuma ya san hanyar Sakkwato ba ta biyuwa yanzu, balle a ciko wani tulun.

Ya ɗauko doguwar gorar da yake sassabo wa dabbobi ganyen gawo da ita, mai lauje a baki. Ya mirgino turmi ya kwantar a ƙofar rumfa, ya kwanta rub-da-ciki a bayansa, ya yi bisimilla. Laujen ya zame har sau da yawa kafin ya kama robar. Ya ja a hankali.

Ƙarar ta yi kamar ta bindigar toka. Murfin ya huda rufin rumfa ya wuce. Farin hayaƙi ya cika wurin har Illo ya daina ganin hannunsa, wani abu ya fantsamo masa a wuya yana zafi kamar tartsatsi. Ya ja da baya da gwiwa yana haki. Can waje Inna na salati, maƙwabta har sun fara gudu daji, sun zaci an shigo.

Da Malam Muntaka ya iso, bai yi faɗa ba. Ya tsince 'yan robobin da sunka watsu a ƙasa ya zubar. Ya zura baƙar sanda cikin tulun ya zaro. Farin sanyin da ya kama ta bai kai gaɓar yatsa ba, alamar ruwan ya kusa ƙarewa.

"Akwai sauran robobi ciki," ya ce. "Ban ce maka suna da rai ba, ban ce maka sun mutu ba. Mu gwada. In ta ɗauka, ba ka ƙara jin kukan ga. In ba ta ɗauka ba, kahin wata ya zagayo za ta gaya maka."

Ya sa doguwar safar hannu ya ɗura wa Fure irin, Illo na riƙe da ƙaho. Inna tana zaune nesa. Da likitan ya zo yi mata sallama, sai ta ce, "Ni gyara na so in yi, Malam."

"Na sani, Inna."

Kwanaki sunka yi ta tafiya. Tabon wuyan Illo ya yi ƙwarya-ƙwaryar bushewa. Kullum Inna ke fara zuwa turke, ta shafa bayan saniyar, ta daɗe tana kallonta. Har sun fara sakin jiki.

Wata safiya Illo yana alwala, sai ya ji kukan nan mai tsawo. Ya bar buta a hannu har ruwan ya tsiyaye.

An ce wani mutum wajen Kurawa yana da bajimi ɓoye cikin gida. Hanyar kuwa ta daji ce, irin wadda ba a bi da dabba yanzu. Illo ya kwance igiya daga turke. Inna ta fito da goran fura ta rataya masa a kafaɗa. Ta ɗora marufin, ta kai hannu za ta danna, sai ta fasa.

"In ka ji babura, ka sake ta," ta ce.

Illo ya gyara goran a kafaɗa. Ya naɗe igiyar a hannu, ya ja Fure sunka fita ta bayan gida.