Likitan Bogi Ya Sake Bugowa

Tun ranar da abin ya faru Inna ba ta sake taɓa wayarta ba. Idan ta yi ƙara sai ta tura ta gefe da ƙafa, ta ce wa 'yarta, "Ɗauka ke."

'Yar tata tela ce, Gajera ake ce mata tun tana yarinya, kuma a falon gidan take ɗinki, kusa da taga. Ranar ta fita sayen zare, wani ya bugo wa Inna ya ce shi likita ne, ɗanta direban babbar mota ya yi hatsari, ba za a shiga da shi tiyata ba sai an biya. Daga bayansa ana jin wani yana nishi. Ya ce kada ta kashe waya, kada ta tsaya neman kowa. Inna ta fita ba takalmi, ta je wurin mai tura kuɗi a bakin titi, ta tura duk abin da 'ya'yanta suka tara mata na aikin ido. Da la'asar sai ga ɗan ya shigo lafiya lau, rungume da kankana.

"Inna, da kin katse kin kira lambata, ai da ni zan ɗauka," in ji shi.

"Na ji nishinka," ta ce.

Ba kuɗin ne suka fi ƙona wa Gajera rai ba. Matar da ta riƙe su ita kaɗai bayan rasuwar babansu, yanzu ita ce ke lalube bango ta je banɗaki, ta ci abinci kaɗan ta ture kwano tana cewa asarar da ta jawo musu ta isa.

Wata safiya wayar ta yi ƙara. Gajera ta ɗauka, ta buɗe muryar wayar yadda Inna za ta ji.

"Mama, daga banki ne. Mun kama waɗanda suka cuce ki, za mu mayar miki da kuɗinki. Wasu lambobi za su shigo wayarki, ki karanto min."

Gajera ta san banki ba ya tambayar kowa lambobinsa na sirri, kuma har za ta zage shi ta kashe, sai ta ga Inna ta dafe ƙirji tana motsa leɓe: "Shi ne likitan."

Gajera ta haɗiye zagin. Ta sa rawa a muryarta irin ta tsofaffi. "Ayya ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Idona ba ya ganin lamba. Ni damuwata ma awarwarona na zinariya, yaran nan so suke su ƙwace. Bankinku na ajiye wa mutum irin wannan?"

Ya ce suna ajiyewa mana, har gida ake zuwa karɓa, amma kada ta faɗa wa kowa.

Ta yi kwanaki tana ja masa rai. Yau ta ce yara na gida, gobe ta ce ƙafa ke ciwo, shi kuwa yana ta "Mama, Mama". A tsakani ta kai maganar ga 'yan sanda. Yayanta, direban nan, ya rantse sai ya karya mutumin.

"Yaya, babu mai taɓa shi," ta ce. "Duka warkewa yake yi."

Ranar da ta ce masa yara ba sa gida, mutumin ya zo da hantsi, riga a goge, kati rataye a wuya, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ta miƙa masa ƙunshin tsumma. Yana kwancewa zobban labule suka zube a kan tabarma. Ya juya, ya tarar Yaya ya jingina da ƙofa, ɗan sanda cikin farin kaya na fitowa daga ɗakin ciki.

Gajera ta jawo kujerar ɗinkinta ta zauna a gabansa.

"Likita, wa ya yi mata nishin nan?"

"Wallahi Anti, abokina ne..."

"Ba ya nan. Kai za ka yi. Yi ta ji."

Ya ƙi, ya yi magiya, ya ce shi ma yana da uwa. Gajera ba ta ɗauke ido ba har sai da ya buɗe baki ya yi nishin, siriri, abin kunya. Maƙwabta sun cika taga, wata ta fashe da dariya.

"Mama, ki yafe min," ya ce.

Inna ta juya fuskarta inda take jin muryarsa. "Ban yafe ba."

Kuɗin ba su dawo ba, ya riga ya cinye. Amma a wayarsa aka samu lambobin wasu tsofaffi da yawa, kuma da dama sun zo sun ba da shaida. Gajera ba ta taɓa fashin zaman kotu ba, ko da yake masu kawo mata ɗinki na ta fushi da ita. Matarsa ta zo gida roƙo, Gajera ta ba ta ruwa ta sha, ta raka ta ƙofa.

Ranar da aka yanke masa ɗauri, aka fito da shi za a sa a mota, ya hango Gajera, ya kau da kai gefe. Gajera ta zagaya ta tsaya a gefen da ya juya fuskarsa.