Ranar da Na Ɗaga Tinkara

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa yaran garinmu ɗaga ƙarfe, shi ya sa da na yi ritaya aka saka ni a kwamitin wasannin makaranta. Zauren motsa jiki ɗaya gare mu, kuma wasan gaske kaɗai ake ba wa lokaci a cikinsa. Rannan sai ga takarda daga Malama Brina mai koyar da lissafi, tana nema wa 'yan wasan kirarinta, masu rawa da tsalle don ƙarfafa wa 'yan ƙwallo gwiwa, zauren a yammacin Talata da Alhamis, wai suna da gasa a Ljubljana, babban birninmu, cikin Afrilu.

Shugabanmu Alojz, mai horar da 'yan ƙwallon hannu, ya ture takardar gefe.

"Masu kaɗa tuntaye da ihu a bakin fili? In rawa wasa ce ai ni ma zakara ne. A bikin 'yata na taka har takalmina ya yage."

Muka yi dariya, har da ni. Amma maganar gasar nan ta tsaya mini a rai. In ana gasa, to me ake aunawa? Ƙarfin ihu? Na ce su ba ni mako guda in gano.

A ɗakin cin abinci na same su, sun ture tebura sun shimfiɗa katifu. Ban ga tuntu ko ɗaya ba. Ina shiga, 'yan mata uku suka cilla wata 'yar siririya sama har ta kusa taɓa fitila, ta juya sau biyu, ta faɗo a hannuwansu tana murmushi. Tinkara ke nan, jikar mai gidan burodin unguwarmu.

Na tsare Malama Brina da tambayoyi. Ta ce minti biyu da rabi ake ba su. Gwiwa ta lanƙwashe, alƙalai su rage maki. Mai riƙo ya gusar da ƙafa, su rage.

"Murmushin fa?"

"Shi ma ana dubawa, Baba Silvo."

Wannan ya ɗaure mini kai. Mu a wajenmu ka murtuke fuska kamar an yi maka mutuwa, in dai ƙarfen ya hau, ya hau.

Na tuɓe kwat na ce a bar ni in gwada. Tinkara kilo arba'in da shida ce, ni kuwa na taɓa ɗaga ɗari da sittin. Ta ɗora ƙafarta a tafin hannuna, na yunƙura da ƙarfina yadda na saba. Sai ta karkace ta yi baya. Wata ƙaƙƙarfar yarinya mai suna Metka, wadda aikinta tsayuwa a baya, ta cafke ta kafin in ankara.

"Haba Baba!" in ji Metka. "Ba buhun dankali ba ce fa. Ka saurari ƙidayata. A kan biyar za ta tashi da kanta, kai dai ka raka ta."

Na ji kunya, amma son sani ya fi kunyar yawa. Karo na biyu na makara. A na uku na jira biyar ɗin, sai na ji nauyinta ya ɓace ɗan lokaci, ga ta tsaye cak bisa kaina. Yatsun ƙafarta suna danna tafina, nan kaɗan, can kaɗan, suna gaya mini inda zan gyara. Ban kai daƙiƙa goma ba kafaɗuna suka fara rawa.

Da kwamiti ya sake zama na faɗi abin da na gani. Alojz ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na ji, akwai wuya. Hawan rufin gida ma akwai wuya. Amma duk inda ake ba murmushi maki, sunansa wasan kwaikwayo."

Na ce masa gaskiya wannan maganar har yanzu ina juya ta. Abin da na sani kawai, rufin ɗakin cin abinci ya yi musu ƙasa, wata rana yarinyar nan za ta fasa kai da fitila.

Ƙuri'a ta tashi biyu da biyu. Shugabar makaranta ta raba gardama, ta ba su Alhamis kaɗai.

Na bi motarsu zuwa Ljubljana. Kakan Tinkara ya cika mana kwali da potica mai zafi, burodin nan namu mai zaƙi, muka ci a hanya. A tsakiyar wasan hasumiyar da suka gina da jikinsu ta rushe sau ɗaya, suka miƙe suka ƙarasa, suka zo na shida cikin tara.

A hanyar dawowa Metka ta zauna kusa da ni tana murza wuyan hannunta. Ta ce nan ne ya ci amanarta, ko akwai abin da ake yi masa? Na ce akwai, ta same ni Litinin bayan an tashi, ta zo da sauran masu riƙo.